Littattafan Sahabi a Bakin Lado

A Batsari in ka ce Malam Sahabi ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Sahabi mai allurar shanu, ko ɗan ƙauyen da ya zo cin kasuwa zai nuna maka gidan: can bayan masu rogo, inda wata bishiyar bedi ta leƙo ta kan katanga. Siririn mutum ne, mai tsabta har ta so ta yi yawa, irin wanda ke goge kujerar babur kafin ya hau ko da shi ya sauka yanzun nan. Jama'a na yabonsa da haƙuri, don an sha ganin bijimi ya taka masa ƙafa bai ce uffan ba. Abin da ba su sani ba shi ne mutumin nan yana da kishi mai cin rai, kuma ba a kan mace ba, ba a kan gona ba. Kishinsa a kan wasu littattafai uku ne marasa bango, da wata yarinya 'yar shekara tara.

A wata ruga kusa da Ruma aka haife shi, gidan da ake noma gero da damina, ana kuma riƙe da garken da ya kusa hamsin. Shekarar da aka matsa wa mai gari cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a makarantar boko, mahaifinsu ya dubi 'ya'yansa maza biyu. Lado, babban, ya riga ya san kowace saniya da halinta, ya san wadda ke harbi da wadda ke ɓoye nono. Sahabi kuwa ko maraƙi ya kaɗa masa kai sai ya ruga bayan uwarsa. Ba a tsaya doguwar shawara ba, aka ba da wanda garke ba zai yi kewarsa ba.

Yana aji huɗu gara ta cinye kabad ɗin ofishin hedimasta. Aka kwaso abin da ya rage aka zube a tsakar makaranta, aka ce a sa wuta. Malam Hashimu, malamin ajinsu, ya lura da wani yaro yana ta zagaya tulin ya kasa tafiya, sai ya tono guda uku da garar ta yi wa adalci, ta ci bango ta bar ciki, ya miƙa masa. Har yau Sahabi bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, balle wanda ya rubuta. Ya yi musu riga da takardar buhun siminti, mahaifiyarsa ta ɗinke da zaren da take gyaran faifai. Da yake a saman ragaya ake ajiye su, sai suka ɗauki ƙanshin hayaƙi da man shanu, kuma ƙanshin bai bar su ba har yanzu.

Ɗaya labarin wasu fatake ne da suka ɓace hanya suka shekara a garin da ba a cin gishiri. Ɗaya na da hotunan jirgin ruwa, abin da Sahabi bai gani da idonsa ba sai da ya yi gemu. Na ukun, wanda ya fi so, labarin wani maƙeri ne da ya ƙera ƙararrawa mai kaɗawa da kanta duk lokacin da aka yi ƙarya a gabanta, har mutanen gari suka haɗu suka roƙe shi ya binne ta don a samu zaman lafiya.

Da hutu akan tura shi kiwo tare da Lado, kuma a nan ne littattafan suka yi masa rana. Sai su sami gindin kaɗanya, ya zauna ya buɗe, amma ba zai karanta ko layi ɗaya ba sai Lado ya yarda shi zai riƙa koro shanun da suka nufi gonar mutane. Lado ya yarda kullum. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora haɓa a kan sanda, ido ɗaya na kan garke, kunne biyu na wajen ƙanensa, in an zo wurin da ya yi masa daɗi ya ce a sake. A gida Lado ne ɗa, shi ake kira in saniya za ta haihu, shi ake tambaya ina ciyawa ta yi kyau. Amma a gindin kaɗanyar nan Sahabi ne mai abu, kuma ya ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Daga nan rayuwa ta ja kowa nata wajen. Sahabi ya yi sakandare, ya yi kwas na lafiyar dabbobi, ya dawo ga shanun da ya guda yana yaro, sai dai wannan karon da sirinji a hannu da wasu ƙarti uku suna riƙe masa ƙaho. Ya auri Adawiyya, 'yar Safana, mace mai fara'a da baki, suka zauna a Batsari. Duk gidan hayar da suka koma, akwatin ƙarfen da littattafan ke ciki shi yake fara shiga, kafin gado. Shekara takwas Allah bai ba su haihuwa ba, kuma a shekarun nan Sahabi yakan buɗe akwatin lokaci-lokaci ya kaɗe ƙura, ya zuba sabon maganin gara, ya rufe. Bai taɓa faɗa wa kowa wanda yake ajiye wa ba. Sai aka haifi Mahfuza, daga baya ƙannenta maza biyu suka biyo.

To amma Mahfuza 'yar fari ce, kuma a gidan da Sahabi ya tashi 'yar fari ba abar riƙo ba ce a gaban mutane. Uba ba ya kama sunanta, ba ya ɗora ta a cinya, in ta faɗi a gabansa sai ya kau da kai ya jira wani ya ɗauka. Kunya ke nan, kuma shi bai taɓa ganin laifinta ba, don shi ma ya tashi bai ji mahaifinsu ya kira sunan Lado ko sau ɗaya ba. Adawiyya ma tana yin tata kunyar, sai dai ita tana da wanka da kitso da za ta fake da su ta riƙe 'yarta son ranta. Shi ba shi da komai. Shekara bakwai yana kiran yarinyar da ya jira shekara takwas da "ke" ko "yarinyar nan", yana kallonta ta gefen ido.

Ranar da ta shiga aji biyu ya sami mafita. Ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi bayan la'asar, ya ɗauko akwatin, ya ɗaure fuska, ya ce ke zo nan, an ce karatunki ba ƙarfi. Ba wanda ya ce haka. Amma karatu ai ba wasa da ɗa ba ne, aikin uba ne, ko wa ya shigo ya gani ba zai ce an yi rashin kunya ba. Haka aka fara, kullum tsakanin la'asar da magariba.

Karatun Sahabi, a faɗi gaskiya, ba shi da gishiri. Yadda yake karanta takardar jikin kwalbar magani haka yake karanta labari, a tsanake, daidai, ba hawa ba sauka. Maƙeri da sarki da tsohuwa duk murya ɗaya gare su. Amma Mahfuza ba ta san wani ba, sai ta zuba tagumi tana ji, tana matsowa kaɗan-kaɗan don ganin hoto har kafaɗarta ta taɓa gwiwarsa. Shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya ƙi juya shafin. Shekara biyu suka yi a haka, suka zagaye littattafan nan uku ba adadi, kuma in ka tambaye shi zai ce maka ba a taɓa yin shekaru masu albarka kamarsu ba, ko da yake a cikinsu ne hanyar Ruma ta zama abin da ta zama.

Wata safiya ɓarayin daji suka zo da babura suka kore garken Lado kaf, shanun da ya gada da waɗanda ya tara. Ya bi sawu a guje ba hankali har ya faɗa wani kwazazzabo ya karya ƙafa. Matarsa da yara suka koma gidan iyayenta a Tsaskiya, shi kuma aka kawo shi Batsari wajen mai ɗori, aka sauke shi a ɗakin zauren ƙanensa. Sahabi ya karɓe shi hannu bibbiyu, wannan ba wanda zai musa. Ya ba shi katifarsa, ya sa aka riƙa dama masa fura safe da yamma, ya yi kuka a bayan gida inda ba a gani. Amma tabarmar la'asar ta naɗe. Ba yadda za a yi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yar fari alhali wansa na kallo ta ƙofar zaure. Ya ce a ransa kwana arba'in ne, ƙafa ta haɗe, kowa ya koma inda yake.

Makonni biyun farko Lado ba ya magana. Ya zauna ya miƙe ƙafar da aka ɗaure da kara, ya zura wa bango ido, in an gaishe shi ya amsa a taƙaice. Mahfuza ce ke kai masa fura. Shi kuwa, a matsayinsa na Baffanta, ba ruwansa da kunyar 'yar fari, don ba shi ya haifa ba: yana kiran sunanta gatsau, har ya ƙara mata da wasu na tsokana.

Wata ranar kasuwa Sahabi ya dawo a gajiye, rigarsa duk kashin shanu, ya kashe babur a ƙofar gida sai ya ji dariyar yara daga gindin bedi. Ya tsaya. Murya ce ke tashi tana sauka, ta yi ƙasa ta zama ta tsohuwa, ta kumbura ta zama ta sarki, sai kuma aka kwaikwayi ƙarar ƙararrawa da harshe har yara suka yi ihu. Bai yi minti ɗaya a tsaye ba ya gane labarin. Nasa ne. Labarin maƙerinsa ne, a bakin Lado, bayan shekara talatin da wani abu, ba littafi ba komai.

Ya leƙa ta tsagar ƙyaure. Yaran unguwa sun fi goma a zube. Mahfuza na manne da lafiyayyar ƙafar Baffanta, ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, wata irin dariya da shi bai taɓa sanin tana da ita ba. Ya san ya kamata ya gode wa Allah wansa ya buɗe baki, kuma ya gode, da baki. Amma abin da ke zuciyarsa kishi ne tsagwaronsa.

Daga ranar ya zama mai laɓe a gidansa. Ya riƙa dawowa da wuri, ya shige ɗaki ya zauna kusa da taga kamar yana jera magunguna, yana ƙirga ɓarnar da ake yi wa littattafansa. Don Lado bai bar labarin yadda ya same shi ba. Maƙeri ya koma makiyayi. Garin da ba a cin gishiri ya matso kusa da dajin Rugu. Ƙararrawar nan kuwa an cire ta daga rumfar maƙera an rataya a wuyan wata farar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ke tafe gaban garke, ba ta shan ruwa sai kowa ya sha. Sahabi ya san saniyar sarai, shi da hannunsa ya yi mata allura bara. Tana cikin waɗanda aka kora. Ya gane wansa na shigo da shanunsa cikin labari ɗaya bayan ɗaya, kowace da kamanninta, kuma ganewar ba ta sanyaya masa rai ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ƙona shi, ya yi ta jira ya ji Lado ya ce wa yaran ai ƙanena ne ya karanta mini. Bai ji ba. Ko Lado bai ga abin faɗi a ciki ba ne, ko ya ɗauka kowa ya sani, oho. A unguwa dai aka fara cewa "labaran Baffa", har wata maƙwabciya ta aiko da tuwon dawa musamman don ya sa yaranta sun daina yawon rana. Sahabi ya ci tuwon tare da su, yana haɗiyewa da ƙyar.

Adawiyya ta gane tun kafin shi ya yarda. Ta fara da tsokana, in ya shigo ta tambaye shi ko a shimfiɗa masa tabarma cikin yara ya daina wahalar da wuyansa a taga. Da ta ga abin ya wuce wasa, rannan tana miƙa masa ruwa ta rage murya.

"Malam, ɗan'uwanka ne fa. Kuma ba abin da ya rage mashi sai bakin nan."

Ya ce mata shi ba ruwansa da wa ke ba da labari, damuwarsa kawai kada a koya wa yara abin da ba daidai ba. Ta dube shi ta ɗauki kofinta.

Wata Asabar da hantsi aka ɗauki Lado zuwa wajen mai ɗori a duba ƙafa. Ko ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba Sahabi ya jawo tabarma, ya ɗauko akwati, ya kira yarinyar. Ta zo da saurinta, wannan ya yi masa daɗi. Ya buɗe labarin maƙeri, ya gyara murya, har ya ɗan yi ƙoƙarin sirantar da ita wurin maganar tsohuwa, abin ya fito kamar mai mura. Bai kai shafi uku ba ta ɗago kai.

"Baba, ka tsallake."

"Mi na tsallake?"

"Saniyar. Farar nan mai karyayyen ƙaho. Ai ita ke da ƙararrawar a wuya."

Ya ce mata babu wata saniya a littafin, ya nuna mata shafin, ya juya gaba ya juya baya. Ta duba da kyau, sannan ta faɗi abin da ta gano ba da wata manufa ba.

"To littahin bai cika ba ke nan. Baffa shi ya san duka."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Littafin da ya tsamo daga bakin wuta, ya yi masa riga, ya hana gara shekara talatin da biyar, ya ajiye mata tun ba a san za a haife ta ba, wai shi ne bai cika ba. Ya rufe ya ce ta je uwarta na kira. Kwana biyu yana juya maganar, kuma duk juyawar da ya yi sai ta ƙara ɗaci.

Ran Litinin da la'asar yara suka taru kamar kullum. Lado ya kai inda farar saniya ta tsaya gaban sarki, sarki ya rantse bai ci amanar kowa ba, ƙararrawa ta fara rawa a wuyanta. Sai ga Sahabi ya fito daga ɗaki da littafi a hannu, yana murmushin da ba na alheri ba. Shi da ba ya zama inda 'yarsa take in wansa na nan, yau ya ratsa yara har tsakiya. Adawiyya na bakin murhu ta tsaya da muciya a hannu.

"Hamma," ya ce, don haka yake kiran wansa tun suna yara, "yaran nan na gardama wai akwai saniya cikin labarin ga. Ga littahin. Nuna masu inda aka rubuta ta."

Ba yaron da ya yi gardama, kowa a wurin ya san haka. Lado ya dubi ƙanensa. Ya goge tafukansa biyu a jikin riga kafin ya karɓa, yadda yake yi tun a gindin kaɗanya in aka yarda ya taɓa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon baƙaƙen, yara sun zuba masa ido suna jira ya nuna. Can wata yarinya daga baya ta ce wa ta kusa da ita ashe Baffa bai iya ba, wasu biyu suka ƙunshe dariya. Lado ya rufe littafin a hankali, ya miƙa da hannu biyu.

"Kai aka kai boko, Sahabi. Ni aka bar ma shanu." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Ga shi shanun ma babu."

Daga nan ya ce wa yaran su tashi magariba ta kusa, alhali rana na sama da katanga. Suka watse sumumu. Mahfuza ba ta dubi ubanta ba, ta ɗauki sandar Baffa ta miƙa masa, ta tsaya har ya miƙe. Sahabi ya rage shi kaɗai a tsakar gida da littafinsa a hannu, ya ci gardamar da ba wanda ya yi da shi.

Bayan kwana uku Lado ya ce ƙafa ta yi sauƙi, damina ta matso, surukinsa ya yanka masa gona a Tsaskiya. Ƙafar ba ta gama haɗewa ba, Sahabi ya fi kowa sani. Ya ce a bari ko mako biyu, ya ce to shi zai kai shi da kansa. Lado ya yi godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce kada a ɓata masa aiki, ya sa aka kira masa ɗan kabu-kabu. Sahabi ya so ya ba da haƙuri, maganar ta zo har baki, amma ya tsaya yana gyara ɗaurin kaya a bayan babur har aka tayar. Kunya ta kama shi sosai. Sai dai a ƙarƙashin kunyar, in za a faɗi gaskiya, akwai wani ɗan sanyi da ya ji don tsakar gidansa ta dawo hannunsa, kuma ya tsani kansa da jin hakan.

Adawiyya ta yi mako guda tana ba shi abinci ba tare da hira ba. Yaran unguwa suka koma yawonsu. Shi kuwa da ƙyar ya iya sake shimfiɗa tabarmar, yana tsoron yarinyar za ta ƙi zuwa, ko ta zo ta zauna kamar an aiko ta. Sai ga abin mamaki: ta zo, ta zauna, ta ce a ba ta ita ta riƙe littafin.

Abin da ya biyo baya ya wuce duk mafarkin da ya taɓa yi. Mahfuza ta kama karatu ba ji ba gani. Ta bi layi da yatsa, in ta ci karo da kalma mai wuya ta tsaya ta tambaya, ta maimaita sau biyar. Da safe kafin makaranta tana kan littafi, koko na hucewa a gefe. Ta dawo daga Islamiyya ko hijabi ba ta cire ba sai ta ce Baba a ci gaba. In ya gyara mata ba ta fushi, in ya ce ya isa haka ta ce saura shafi ɗaya. Damina ta sauka, gero ya yi kai, ita tana nan tana fama da fatake da jirgin ruwa.

Sahabi ya cika ya batse. A majalisar ƙofar masallaci, shi da ba ya kama sunanta, sai ya riƙa kewayo da hira har ta iso kan "wata yarinya a gidanmu" da ke karanta littafin manya ba gargada. Ya gaya wa kansa abin da ya yi rannan ba daɗi, amma ga shi ya yi amfani, yarinya ta gane inda asalin abu yake. Har ya fara tunanin in an yi girbi zai kai wa Lado buhun masara, magana ta wuce.

Wata la'asar, ana saura mako guda a ba da hutu, ta karanta masa labarin maƙeri tun daga farko har inda aka binne ƙararrawa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har muryoyin ta raba, tsohuwa daban sarki daban. Sahabi ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa. Ya ɗaure fuska yadda ya saba, ya ce ba laifi, ta faɗi abin da take so a sayo mata ranar kasuwa.

Ta ce ba ta son komai a kasuwa. So take in an yi hutu ya kai ta Tsaskiya, kuma ya ara mata littattafan duka uku. Ya tambaye ta mi za ta yi da su can.

"Baffa zan karanta mawa," ta ce, tana daidaita gefen takardar simintin da yatsa. "Shi ya sa nike so in iya sosai. In aka sake miƙa mashi littahi gaban mutane, ni zan amsa."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sahabi ya zauna yana kallon tsagar kitsonta. Wata huɗu ke nan yana gyara mata kalma bayan kalma, yana murna ta dawo gare shi, ashe duk safiyar nan da duk la'asar ɗin nan shiri take yi don ta tsare wani daga gare shi. Ya buɗe baki zai ce ai shi ya fara karanta wa Baffan nata, tun ba a haifi uwarta ba, sai ya ji ba maganar da babba zai faɗa wa 'yar shekara tara ba ce.

Ya tambaye ta wace rana za a ba da hutun. Ta ce Juma'a. Ya ce to, Asabar da safe sai ta shirya, ya miƙa mata sauran biyun daga cikin akwati. Ta rungume su ta ruga ɗaki tana kiran uwarta ta gaya mata za ta ga Baffa. Shi kuma ya zauna gaban akwatin da ba komai a ciki sai garin maganin gara, kunya ta rufe shi har wuya, kuma duk da haka kishin bai sake shi ba.